Biro, Sikirin Da Allurar Sanƙarau: Wa Ke Riƙe Da Takardun Abubuwan Da Muka Dogara Da Su?

Duk wanda ya taɓa cewa "malam, ara mini biro" a banki ko a layin cike fom, ya ambaci sunan wani mutum bai sani ba. Biro sunan mutum ne, Laszlo Biro, wani ɗan jarida mutumin ƙasar Hangari. In ka ƙetara iyaka ka shiga Maraɗi ko Damagaram, sai ka ji ana cewa "bik". Shi ma sunan mutum ne, Marcel Bich, wani ɗan kasuwar Faransa da ya gutsure harafin ƙarshe na sunansa ya liƙa wa hajarsa.

Abin da ya haɗa mutanen nan biyu wata takarda ce. A Turance ana ce mata patent, a Faransance brevet, mu kuma bari mu kira ta takardar mallakar ƙirƙira. Akwai irinta a bayan gilashin wayar da kake karanta wannan rubutu a kanta, akwai irinta a bayan allurar rigakafin da aka yi wa 'ya'yanka. Galibinmu ba mu taɓa ganinta ba, amma tana da hannu a farashin abin da muke saye, wani lokacin ma tana da hannu a ko magani zai iso ƙauyenmu ko ba zai iso ba.

Takardar ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai fito ya bayyana sirrin abin da ya ƙera dalla-dalla, a rubuce, yadda wani masanin fannin zai iya karantawa ya yi irinsa. Ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba, na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardunsa. Wa'adi na cika, shi ke nan, abu ya zama na kowa.

Kada a rikita ta da haƙƙin mallakar da 'yan fim da marubuta ke kuka a kai, wannan na littafi ne da waƙa da fim. Kada kuma a rikita ta da rajistar tambarin kamfani, wanda shi ana iya ta sabunta shi har illa masha Allahu.

Alƙalamin da ya zama na kowa

Biro ya lura cewa tawadar da ake buga jarida da ita tana bushewa nan take, ba ta dama takarda kamar ta alƙalamin da ake ɗura wa ruwan tawada. Matsalar ita ce ta cika kauri, ba ta gangarowa ta bakin alƙalami. Shi da ɗan'uwansa Gyorgy, masanin haɗa sinadarai, sai suka sa wani ɗan mitsitsin ƙwallon ƙarfe a bakin, yana juyawa yana ɗebo tawada yana shafa wa takarda. Ya yi rajista a 1938. Da yake Bayahude ne, guguwar 'yan Nazi ta kore shi daga Turai, ya sauka a Ajantina, ya sake yin wata rajistar a can a 1943. Sojojin saman Ingila na cikin waɗanda suka fara saye da yawa, domin alƙalamin ruwan tawada yoyo yake yi in jirgi ya yi sama.

Ba shi ne ma ya fara tunanin ba. Tun 1888 wani Ba'amurke, John Loud, ya yi rajistar alƙalami mai ƙwallo a baki, amma don yin alama a jikin fata ya yi shi, irin abin da dukawa da majema za su yi murna da shi. A kan takarda bai yi kyau ba, bai samu kasuwa ba, takardarsa ta mutu a banza.

Lokacin da aka fara sayar da irin wannan alƙalami a birnin New York a watan Oktoba na 1945, dala 12 da rabi ake sayen guda ɗaya. Bich ne ya sayi izinin amfani da fasahar Biro, ya gyara ta, ya fito da Bic Cristal a 1950, ya karya farashin. Zuwa 2006 kamfanin ya sayar da guda biliyan 100. Yau babu wanda ke biyan ko sisi don ya sa ƙwallo a bakin alƙalami, shi ya sa kamfanonin Najeriya irin su Eleganza da Lucky suka yi nasu ba wanda ya tare su. Ko da yake shi Lucky ɗin, kamfanin Bic ya zo ya saye shi a 2019.

Wannan shi ne cinikin idan ya tafi daidai: mai ƙirƙira ya ci rabonsa, wa'adi ya cika, ɗan firamare a Funtuwa ya sayi biro da canjin kuɗin tara.

Kura da shan bugu

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, aikin da ya fi kowane yawa a teburin masu gyara shi ne canza sikirin. Wayar ta faɗi, gilashi ya tsage, baƙin ruwa ya malale a ciki. Wannan "ruwan" ba ƙarya ba ne. A yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi, tsakanin gilasai biyu akwai wani sinadari mai ruwa-ruwa wanda ƙwayoyinsa ke jeruwa a layi. In an ba su ɗan lantarki sai su juya, su buɗe wa haske hanya ko su tare shi. Da haka hoto ke fitowa.

Dabarar murɗa waɗannan ƙwayoyi, wasu masana biyu ne, Martin Schadt da Wolfgang Helfrich, suka shigar da takardarta a Suwizalan ranar 4 ga Disamba, 1970. Abin mamaki, a kamfanin magunguna na Hoffmann-La Roche suke aiki. Kamfanonin Japan masu yin agogo da na'urar lissafi suka yi ta sayen izini, kamfanin ya yi ta karɓar kuɗi.

Sai dai shi wannan sinadari ba ya ba da haske da kansa, sai an kunna masa fitila a baya. Farar fitilar da ke bayan sikirin, wadda ita ce kuma a cikin cocilan 'yar caji da kwan sola, ba ta samu ba sai da aka iya yin shuɗiya mai ƙarfi. Wanda ya kai ga wannan a 1993 wani injiniya ne, Shuji Nakamura, a kamfanin Nichia na Japan. Tukwicin da kamfanin ya ba shi yen 20,000 ne, abin da bai wuce dala 200 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya kai ƙara a 2001, wata kotun Tokyo ta ce a biya shi yen biliyan 20 a 2004, kamfanin ya ɗaukaka ƙara, aka sasanta a 2005 a kan kimanin yen miliyan 840. A 2014 ya samu kyautar Nobel tare da wasu 'yan ƙasarsa biyu.

Wato mai ƙirƙira daban, mai takarda daban. Aljeriya na alfahari da Belgacem Haba, ɗan garin El M'Ghair da ke yankin Sahara, wanda sunansa ke kan takardun ƙirƙira sama da 1,000 a fannin ƙananan sassan lantarki da ke cikin waya da kwamfuta. Mu ma muna alfahari da Jelani Aliyu na Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt. Alfaharin halal ne. Amma suna na mutum ne, mallaka ta kamfanin da ya ɗauke shi aiki ce, kamfanonin kuma a Amurka suke.

Inda takarda ta zama maganar rai

Biro in ya yi tsada sai a koma fensir. Waya in ta gagara sai a haƙura da 'yar ƙarama. Allurar rigakafi ita ce ba ta da madadi, kuma a nan ne labarin ya shafe mu kai-tsaye.

Wanda ya yi wayo a 1996 ba sai an ba shi labarin sanƙarau ba. Cutar kan zo da rani, ta tsananta da zafin bazara, ta lafa in ruwan farko ya sauka. A waccan shekara da wadda ta biyo ta, a zirin ƙasashen da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, sama da mutum 250,000 suka kamu, sama da 25,000 suka rasu. A Najeriya kaɗai waɗanda suka kamu sun haura 100,000, mamata sun haura 11,000. Waɗanda suka tsira da yawa sun tashi da kurumta ko taɓin ƙwaƙwalwa. A cikin wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a, kamfanin yana musanta laifi, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75.

Akwai rigakafi a lokacin, amma tsohon yayi ne. Ba ya kama jikin ƙananan yara sosai, kariyarsa ba ta wuce 'yan shekaru, kuma ba ya hana mutum ɗaukar ƙwayar cutar a maƙogwaro ya raba wa wasu. Shi ya sa ba a fito da shi sai annoba ta riga ta ɓarke, a bi ta a baya ana kashe gobara.

An san yadda za a yi wanda ya fi shi. Ƙwayar cutar tana sanye da wata riga ta sukari. In aka ba jiki wannan sukarin shi kaɗai, garkuwar jikin yaro ba ta riƙe kamanninsa. Amma in aka ɗaure shi a jikin wani furotin da garkuwar ta sani, sai ta gane shi, ta kuma daɗe ba ta manta ba. Da wannan dabara Ingila ta fara yi wa yaranta rigakafin nau'in C a 1999. Namu nau'in kuwa, wato A, ba ya damun Turai da Amurka, masu fama da shi kuma ba masu kuɗi ba ne. Manyan kamfanonin da ke riƙe da dabarun ɗaurin ba su ga riba a ciki ba.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka kafa shirin samar da rigakafin, da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Bill da Melinda Gates. Shugaban shirin, Dakta Marc LaForce, ya fara da zagayen jin ta bakin jami'an lafiya na ƙasashen da abin ya shafa. A Yamai ne babban sakataren ma'aikatar lafiya ta Nijar na lokacin, Hassane Adamou, ya gaya masa maganar da ta juya akalar aikin: kada a kawo musu rigakafin da ba za su iya saye ba, don wannan ya fi rashinsa muni. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Aka tsayar da magana cewa kowace allura kada ta wuce rabin dala.

Babu babban kamfanin Turai ko Amurka da ya yarda da wannan farashi. Sai aka bi ta wata hanya. A ɗakin binciken hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, wasu masana biyu, Che-Hung Robert Lee da Carl Frasch, sun samo wata sabuwar dabarar ɗaure sukarin da furotin, mai sauƙi kuma mai arha. Da yake ma'aikatan gwamnati ne, takardar ta gwamnatin Amurka ce. Aka ba PATH izinin amfani da ita da sharuɗɗa masu sauƙi, ita kuma ta miƙa wa kamfanin Serum Institute da ke birnin Pune na Indiya. Wani kamfanin Holan ya kawo fasahar sukarin, shi Serum ya kawo furotin ɗin da ake yin rigakafin tetanus da shi.

Ga wani abu da ake yawan tsallakewa in ana ba da labarin. Ba takarda kawai aka aika Indiya ba. A ƙarshen 2003 masanan Serum sun je ɗakin binciken FDA sun zauna makonni ana nuna musu aikin hannu da hannu. Takardar mallaka kamar a rubuta maka yadda ake dambun nama ne. Karantawa daban, iya yi daban.

Ranar 6 ga Disamba, 2010 aka ƙaddamar da MenAfriVac a Wagadugu, a kan ƙasa da rabin dala. Kafin watan ya ƙare an yi wa kusan mutum miliyan 20 a Burkina Faso da Mali da Nijar, 'yan shekara 1 zuwa 29. Najeriya ta fara a ƙarshen 2011. Wani bincike a Chadi ya nuna cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi allurar in aka kwatanta da inda ba a yi ba. Daga baya aka tabbatar allurar na iya jure zafi har maki 40 na tsawon kwana huɗu ba tare da ƙanƙara ba, wanda duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa goya akwatin sanyi a babur zuwa ƙauye ya san darajar wannan. Zuwa yanzu an yi wa sama da mutum miliyan 300, nau'in A kuma ya zama sai labari. A 2016 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba FDA lambar yabo kan yadda aka yi amfani da wannan takarda.

A ganina wannan labari ya fi na Jonas Salk amfani a wurinmu, duk da na Salk ya fi daɗin faɗa. Shi ne wanda aka tambaya a 1955 wa ke da mallakar rigakafin shan-inna da ya samo, ya ce jama'a, ya kuma tambaya ko ana iya yi wa rana rajista. Magana ce mai kyau, amma lauyoyin gidauniyar da ta ɗauki nauyinsa sun riga sun duba sun ga da wuya rajistar ta yiwu. A MenAfriVac kuwa akwai takarda, tana da mai ita, kuma ba a yage ta ba. Zama aka yi aka yi ciniki, kuma tun farkon cinikin masu buƙata ne suka faɗi farashi.

A zamanin korona ba a samu haka ba. Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta jingine haƙƙin mallakar rigakafin tun Oktoban 2020, aka yi ta jan ƙafa har Yunin 2022, sannan aka amince da wani ɗan guntun sassauci bayan masu kuɗi sun gama yi wa mutanensu.

To mu fa?

Ɗauki maƙerin da ya haɗa sabon injin casar gero a Kano. Hajarsa za ta iya bin tsohuwar hanyar fatake: Damagaram, Agadas, Arlit, ta ƙetara ta Assamaka zuwa Tamanrasset da ƙauyukan kewayenta irin su Outoul, inda Hausawa 'yan ci-rani ke aiki, inda kuma dabino da taliya ke fitowa su gangaro kudu. A wannan tafiya guda ya ratsa dokoki uku.

A Najeriya rajista a Abuja ake yi, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, bisa dokar 1970. A Nijar babu ruwan kowa da takardar Abuja. Ita tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Aljeriya kuma tana da nata ofishin, INAPI, kuma har yau ba ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ba. Najeriya ba ta cikin OAPI, ba ta kuma cikin takwararta ARIPO da ke Harare. Saboda haka maƙerin Maraɗi zai iya kwance injin ya kwaikwaya, bai karya dokar ƙasarsa ba.

Ita kanta dokar tamu tana da abubuwan da ya kamata matasan da ke ƙere-ƙere su sani. Magatakardan rajista ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske, cikar takardu kawai yake dubawa, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba. In rigima ta tashi, kotu ce za ta raba. Sannan wanda ya riga shigar da takarda shi doka ta fara sani. Abin da ya fi cin mutane kuma shi ne, duk abin da ka riga ka nuna wa duniya kafin ka shigar da takarda ya daina zama sabo. Yaron da ya haɗa na'ura ya ɗora bidiyonta a TikTok yana bayanin yadda take aiki, ya samu yabo, amma mai yiwuwa da hannunsa ya rufe wa kansa ƙofa. Akwai hukumar NOTAP a Abuja da ke taimaka wa masu bincike wajen shigar da takardu, tana kuma da ofisoshi a wasu jami'o'i, sai dai maƙerin bakin titi ina ya taɓa jin sunanta?

Ba wai ba mu taɓa riƙe takarda mai daraja ba. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta haɗa maganin Niprisan na masu ciwon sikila daga wani haɗin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da itacen wata bishiya. An yi masa rajista a Amurka a 1998, kuma an sa sunan mai maganin gargajiyar da ya kawo haɗin, Rabaran Paul Ogunyale, cikin masu ƙirƙira, abin da ba kasafai ake yi ba. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka izinin sarrafawa, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006. Kafin a je ko'ina kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace daga kantuna, masu sikila suka yi shekaru suna nema kafin a ba wani kamfanin cikin gida izini. Takardar tamu ce, amma masana'antar da za ta tsaya da ita ce ba mu da.

Haka ma rigakafi. Ɗakin haɗa alluran rigakafi na gwamnatin tarayya da ke Yaba a Legas ya yi shekaru tun wajen 1940 yana yin na agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare, har ana kai wa maƙwabta. An rufe shi a 1991 da sunan za a yi gyara. Na dabbobi ne kawai cibiyar Vom ta jihar Filato ke ci gaba da yi. Senegal kuwa ba ta saki nata ba, har yau cibiyar Pasteur ta Dakar na cikin 'yan tsirarun wuraren da ke yi wa duniya rigakafin shawara.

Sanƙarau kuma bai tafi ba, riga ya canza. Nau'in C ya ɓarke a Nijar a 2015, sannan a 2017 ya afka wa Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, sama da mutum 14,000 suka kamu, sama da 1,100 suka rasu, aka yi ta faman neman allura a kasuwar duniya ba ta isa ba. PATH da Serum suka sake haɗa kai suka yi MenFive, mai maganin nau'i biyar, A da C da W da Y da X. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Yulin 2023. A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da shi, a Jigawa da Bauchi da Yobe, da kuɗin ƙawancen Gavi. Kwalaben daga Pune aka ɗauko su a jirgi.